Ramin Tawada a Hannun Hagu

Aikin da na fara yi a shagon Baba Ndagi shi ne miƙar da ƙusa. Tsofaffin ƙusoshi ne da aka zaro daga akwatunan kanti, duk sun lanƙwashe. A zuba mini su a kwano, in zauna bakin ƙofa da guduma da guntun ƙarfen mota, in yi ta bugu. Damina ɗaya da rani ɗaya ina wannan. Ku yanzu ƙusa a kwali kuke saye, wadda ta lanƙwashe ku yar. Inji ya yanka muku, inji ya goge, ku ce ai kafinta ba wuya. To ku saurara. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ba na son dogon zance.

Sunana Audu, amma a Kontagora Bahago ake ce mini. Daga wajen Bobi na zo bayan iyayena sun rasu, gab da a sauke tutar Turawa. Hannun nan an ɗaure shi ta baya, an doke shi da muciya, an shafa masa barkono. Da dama nake ci, da dama nake gaisawa, da dama nake karɓa. Amma in aiki ne, hagu ke fitowa. Har yau.

Baba Ndagi Banufe ne, gajere, Hausarsa ma gajera. Bago yake kirana. Ranar da ya fara ganina da guduma a hagu ya tsaya a kaina.

"Bago, wa ya koya maka haka?"

"Ba kowa, Baba."

"To ni ban san yadda ake koya wa mutum a juye ba. Ka kalla, ka juya da kanka."

Haka na yi. Sauran masu koyo suna tsayawa gefensa su kwaikwaya. Ni gabansa nake tsayawa, fuska da fuska, haguna yana bin damansa kamar a madubi. Shekara biyar ina tsaye a gaban mutumin nan.

Kayan aiki duk na masu dama ne. Zarto mai kyau ɗaya ne a shagon, Baba ke wasa shi da magagari, haƙori bayan haƙori, ranar Juma'a da safe. Ƙotarsa ta ci ta bi tafin hannunsa, ni kuwa in na riƙe sai ta ci nawa. Mahuji, wanda ake murɗawa a huda katako, wajen dama yake juyawa. Filen, abin aske fuskar katako, shi kaɗai bai damu da wane hannu ba, in dai bakinsa na da kaifi. Katako daga dajin Zugurma ake kawo shi. Mutum biyu ke tsaga shi, ɗaya a sama ɗaya a cikin rami, yana zuwa da sawun zartonsu a jiki kamar kunyoyin gona. Itacen kawo yana cinye haƙoran zarto. Maje mai laushi ne, amma gara na son sa. Maɗaci shi ne babba. In ka wuni kana askarsa, har tuwon dare ɗaci zai yi maka. Ina kewar wannan ɗacin.

Akwatin farko da na haɗa ni kaɗai na wata Bafulatana ce, za ta zuba kayan 'yarta. Ta zo ɗauka ta tarar ina buga ƙusar ƙarshe.

"Wannan ne ya yi? Da wannan hannun?"

Baba ya ce, "Inna, hau ki zauna."

Mace ce mai jiki. Ta zauna, ta girgiza, akwati bai ce komai ba. Ta ɗauka, amma sai da ta sa aka wanke shi da ruwa ciki da waje. Makara kam ba a taɓa bari na sa mata hannu ba. Mutanen coci na garin Beri su ba ruwansu, su dai kada benci ya yi ƙara ana addu'a.

Shekarar da abubuwa suka ɓaci mana, 'yancin kai bai daɗe ba. Ruwa ya yi yawa, rumfar katako ta zube, abin da ruwa ya bari gara ta gama. Manyan masu koyo biyu suka bi aikin hanya. Ciwon baya ya kama Baba, ba ya iya sunkuyawa. Abin da ya rage mana busasshen maɗaci ne da ya daɗe yana ɓoyo a ɗakin ciki. A nan aikin makaranta ya shigo, wata firamare ta En'e, wato hukumar gargajiya, da aka ƙara wa aji. Tebur ashirin da huɗu.

Ku ba ku san irin teburin ba. Yara biyu ke zama, benci a haɗe da shi. Can gefen gaba ana yin kwari na ajiye alƙalami, da rami biyu da ake zura kwalbar tawada, kowane yaro da nasa. Yaro ya tsoma alƙalami, ya rubuta, ya sake tsomawa. Ramin dole ya kasance wajen hannun da ke rubutu, in ba haka ba yaro ya yi ta jan hannun riga bisa ɗanyen rubutu.

Hedimasta da kansa ya zo, Malam Isiyaku, dogo, da gajeren wando da doguwar safa.

"Ndagi, wa zai yi aikin, kai da ba ka sunkuyawa?"

"Bago."

"Bahagon? Aikin hukuma ne fa. Mai duba makarantu zai zo ya gani da idonsa."

"Shi gare ni."

Ya juyo wajena. "Kai, ramin tawada a rait. Ka san rait? Dama. Hannun mutane, ba naka ba."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Da ya tafi Baba ya ce, "Bago, katakon nan shi ne na ƙarshe. In aiki ya yi, ka zama kafinta. In ya ɓaci ka koma Bobi ka bi shanu, ni ma in rufe ƙofa."

Mako biyar na yi a kan teburan nan. Don kada hannu ya yaudare ni, na ɗaura jan tsumma a wuyan hannuna na dama. Ramukan su ne aikin ƙarshe. Da yake suna can nesa da mai zama, sai na zagaya gaban tebur na tsaya, inda mahuji zai zauna sosai. In dubi tsumma, in sa alama, in huda. Rami arba'in da takwas, ba wanda na huda ban dubi tsumman ba.

Ranar Talata na kai su a amalanke, sawu shida. Hedimasta ya shafa, ya jijjiga, bai sami abin faɗa ba. Sai ya lanƙwasa dogayen ƙafafunsa ya zauna, ya miƙa dama kamar mai tsoma alƙalami. Ba rami. Ya koma na biyu. Ya koma na uku. Ya tashi.

"Duk hagu ne! Na faɗa wa tsohon nan! Ka kwashe su. Litinin mai duba makarantu zai zo, gara ya tarar da yara a ƙasa."

Baba bai yi faɗa ba. Yana kwance a tabarma, ya dubi tsumman hannuna.

"Ka ɗaura wannan, kuma ka yi hagu?"

"Dama na yi, Baba."

"Hedimasta ƙarya yake?"

Na taɓa tsumman hannuna, shi kuma ya ci gaba.

"Gobe ka kwaso su. Jibi ka ɗaure kayanka."

Ban san yadda aka yi ba. Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Wani mai nama ya ce hannun bahago aljaninsa daban, abin da ya ga dama yake yi. Ban musa ba.

Laraba da safe na tura amalanke makaranta, da jakar kayan aikina. Na tarar yara sun riga sun hau teburan, tunda ba wani abin zama. Malamin ajin Malam Bitrus ne, Bakambare daga Beri, saurayi siriri, shi ke koyar da Turanci. Ya leƙo.

"Kafinta, jira mu gama. Ba na ta da yara tsakiyar darasi. Shigo ka tsaya baya, rana ta yi zafi."

Na jingina da bango. Ashe darasin hannu ake yi. Ya fuskanci yara, ya ɗaga damansa.

"Dis is mai rait hand."

Yara suka amsa da ƙarfi, suka ɗaga hannu. Ina bayansu ina gani. Kusan duk hagu suka ɗaga, hannun da ke saitin nasa.

"No, no! Wannan hagunku ne!"

Ya juya musu baya ya sake ɗagawa. Kowa ya yi daidai. Ya juyo, suka sake rikicewa. Wani ya ɗaga biyu don kada ya faɗi.

"Ku ji," in ji shi. "In ina fuskantarku, damana yana wajen hagunku. Ku bar kallon jikina. Kowa ya tambayi nasa."

Ban san magana ta fito ba. "A gaba na tsaya."

Aji duka ya waiwayo.

"Me ka ce, Kafinta?"

"A gaban tebur na tsaya, nan inda kake. Damana na bi. Ba daman yaro ba."

Ya dubi ramukan, ya dubi jan tsumman, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har ya dafa allo.

"Wato da ka bi hagunka da ka yi daidai!"

Haka ne. Tsoron hannuna ne ya ɓata aikin, ba hannun ba.

Ya zo ya kama ni ya ja gaban aji. Na ce ina da aiki. Ya ce aikin ke nan.

"Klas, dis man is lef-handed. Bahago ke nan da Turanci. Ku ce."

"Lef-handed!"

"Kuma."

"Lef-handed!"

Ban taɓa jin baki arba'in sun kira ni da abin nan ba tare da zagi a ciki ba. Ya ce musu a ƙasar Turawa ma akwai, a Makka akwai, a Beri kawunsa haka yake, kuma ba wanda ya fi shi harbi da baka. Ya ce haihuwa ce, kamar tsawo da gajarta.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. Ladi sunanta, baki gare ta.

"Sa, in mun ba da amsa daidai kana cewa rait. To lef shi ne kuskure ke nan?"

Wani daga baya ya ce, "Shi ya sa ramukan suka zama lef!" Aji ya kwashe da dariya.

Malam bai doki kowa ba. Ya ce, "Tambaya mai kyau. Turawa kalma ɗaya suka ba dama da daidai. Rowar kalma ce tasu. Kafinta, da zarto a jakarka?"

Ya sa aka kawo guntun katako daga wani karyayyen benci, ya ja layi da rula. Na taka shi bisa kujera na yanka. Ya kira Ladi, ya ba ta rula ta ɗora a bakin yankan. Ko haske bai wuce tsakani ba.

"Is it rait?"

"Yes sa, it is rait."

"Wic hand?"

"Lef, sa."

"To?"

Ta ce, "Lef is rait, sa."

Aji ya ɗauka, har da buga tebur. Ni kuwa na sunkuya na ɗauki guntun da ya faɗi. Akwai wani baƙin ido a jikinsa, gefen hagu. Na kifa shi a hannu, idon ya koma dama. Na sake juyawa. Na sake.

Hayaniyar ta kawo Hedimasta.

"Malam Bitrus, aji ne ko kasuwa? Kai kuma ba ka kwashe ba?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni tebur ɗaya."

Baba bai taɓa yarda a kafa saman teburin makaranta da ƙusa ba, sai sukuru, don ya ce yara ba abin da ba sa karyawa. Na kwance sukuru shida, na ɗaga katakon, na kifa shi kamar yadda ake juya waina, na mayar. Ramukan a fafe suke har ƙasa. Duk biyun suka koma dama.

"A zauna, ranka ya daɗe."

Ya zauna kamar an tilasta shi. Ya miƙa hannu, yatsansa ya faɗa rami. Ya shafa fuskar katakon, wadda da tana ƙasa, ban taɓa goge ta ba.

"Wannan kaushi kamar bayan kada fa?"

"Zan goge."

"Ashirin da huɗu? Kafin Litinin?"

"Kafin Litinin."

"Sartse ɗaya ya soki yaro, kai da tsohon ku nemi wani gari."

A gindin mangwaron makaranta na yi aikin, daga sallar asuba har rana ta yi ja. Kifa katako ba komai ba ne, askar ce aiki. Sawun masu tsaga ya yi zurfi, kuma maɗaci ba ya bin hanya ɗaya. Ka tura filen nan ya tafi sumul, taki ɗaya gaba ya yage. Sai ka juya ka biyo ta ɗaya gefen. Kowane katako biyu in zare bakin filen in wasa a dutse. Bayan nan sabon kwarin alƙalami, in goge, in shafa mai. Tafin hannuna ya fashe ranar Alhamis, na kwance tsumman daga dama na naɗe hagu da shi. In aka tashi tara yara su zagaye ni. "Gud monin, Mista Lef-handed." In ce su matsa daga kan aikina.

Ranar Asabar Malam Bitrus ya zo a kekensa, saura mini tebur biyar.

"Kafinta, ka bar mini ɗaya yadda yake."

"Don me?"

"Ina da yara biyu masu ɓoye hannu. In na juya baya su koma hagu, in na juyo su mayar. Rubutunsu na dama kamar kaza ta bi takarda. A sa musu shi can baya."

"Hedimasta fa?"

"Hedimasta ba ya zuwa baya."

"Malam, kai albashinka na nan. Ni in aka gani, Bobi na nufa."

"Na sani. Ban ce dole ba."

Ya hau kekensa. Na gama huɗu ranar Lahadi. Na biyar na tsaya a kansa da abin kwance sukuru a hannu. Na mayar jaka. Na ja shi can ƙarshen aji.

Litinin mai duba makarantu ya iso, tsoho ne mai tabarau, ba ya magana sosai. Ina tsaye bakin taga ta waje. Ya bi layi layi yana shafa tebur da tafin hannu, Hedimasta na biye yana bayani. Na ɗauka zai tsaya a tsakiya. Sai da ya kai bango. Ya tsaya kan yaran nan biyu, kowa da alƙalami a hagu, kwalba a hagu.

"Wannan fa?"

Fuskar Hedimasta ta canza. Malam Bitrus ya buɗe baki, na riga shi ta taga.

"Na bahagwai ne, ranka ya daɗe. Ni na bari."

"Kai ne kafintan?"

"Ni ne."

Ya ɗauki littafin ɗaya daga cikin yaran, ya buɗe shafin jiya, ya buɗe na yau. Ya daɗe yana kallo. Ya ajiye, ya ciro nasa littafin ya rubuta wani abu. Sannan ya ce wa Hedimasta, "Akwai aji biyu a ƙauye da yara ke zama ƙasa. A ba wannan mutumin. Kowane aji a sa irin na bayan nan guda ɗaya."

Hedimasta ya ce, "Da ma haka na tsara, ranka ya daɗe."

Tari ya kama Malam Bitrus, sai da ya fita waje.

Bai daɗe a garin ba, aka mai da shi wata makaranta, ban sake ganinsa ba. Kafin a yi Jihar Neja biro ya kashe tawada, aka bar huda tebur. Yanzu ku haɗa da falle mai kauri kamar kwali, shekara biyu ya mutu. Turancina duka uku ne, rait, lef, lef-handed, kuma a rana ɗaya na gane su sosai, a ajin da ban taɓa zama ba. Sun ishe ni.

Bari in gama da Litinin ɗin. Da la'asar na koma shago na faɗa wa Baba yadda aka yi. Bai ce sannu ba. Ya juya a tabarma ya ce, "Gobe akwai ƙofa gidan wani mai goro bayan tasha. Ƙofar shiga cikin gida ce daga zaure. Kai za ka je."

"Wane gefe za a sa mariƙi, Baba?"

"Ni kake tambaya? Je ka tsaya inda mai shiga zai tsaya."

Na je da safe. Ban ciro fensir ba, na zauna a zaure ina jira. Can matar gidan ta dawo daga rijiya da tulu a ka, damanta na riƙe da bakin tulun. Ta sa hagu ta ture tabarmar da ke rufe ƙofar, ta shige. Ta sake fita, ta sake dawowa, haka dai. A hagu na sa mariƙi.

Mai gida ya dawo daga kasuwa ya tarar na gama. Ya miƙa dama, ya shafi katako.

"Ai na sani! An ce mini kada in kira bahago."

Na ɗauki jakata. Na ce, "Alhaji, sau nawa kake ɗebo ruwa a rana? Tambayi matarka."